Bargon Hoover da Shekarar Fara

Kusan duk ɗalibin da ya ratso lise ya iso jami'a, yana ɗauke da karayar arzikin 1929 a kansa, a ɗaure tsaf. Ya san ranar Alhamis 24 ga watan Oktoba da kasuwar hannayen jari ta Niyu Yok ta rufta. Ya san bankuna sun bi bayanta, masana'antu sun rufe, rashin aiki ya ƙetara teku zuwa Turai, Jamus ta faɗa hannun Hitler a 1933. In aka matsa masa, zai ƙara da gahawar Birazil da aka riƙa zubawa a murhun jirgin ƙasa maimakon kwal. Da faransanci ya haddace su, da faransanci kuma zai maido su ranar jarrabawa. Amma a tambaye shi abin da matar leburan da aka sallama a Shikago ta ɗora bisa wuta a hunturun 1932, ko a tambaye shi da wane suna kakanninsa suka san waɗannan shekaru, sai ya yi tsit. Laifin ba nasa ba ne. Labarin kasuwa aka ba shi, mutanen da kasuwar ta danne kuwa aka taƙaita su cikin lamba guda.

Lambar gaskiya ce. A 1933 kimanin mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki a Amurka ba shi da aikin yi, wato mutum kusan miliyan 13. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna wajen 9000 suka rushe, a lokacin da babu wata dokar tarayya da ke lamunce ajiyar talaka. Sai dai mafi yawan Amurkawa ba su taɓa mallakar hannun jari ko ɗaya ba, kuma ranar Alhamis ɗin nan ta wuce su kamar kowace Alhamis. Abin ya iske su ne a hankali, wata bayan wata: an rage awoyin aiki, an rage albashi, mai kanti ya daina ba da bashi, mai gida ya fitar da kaya bakin titi. Darasin da ya fara daga ranar 24 ga Oktoba ya riga ya zaɓi idon da za a kalli al'amarin da shi, idon masu dukiya. Ya kamata a fara shi daga bakin waɗanda abin ya rutsa da su, domin kalmomin da suka ƙirƙira, da sunayen da suka raɗa, da yadda suka gina jimlolinsu, duk shaida ce ta tarihi daidai da jadawalin farashi. Karanta irin wannan shaida kuwa sana'ar masu kimiyyar harshe ce.

A duba sunan abin da kansa. Shugaba Herbert Hoover da muƙarrabansa sun fi son kalmar da ke nufin kwari ko lotsawa, suka guji tsofaffin kalmomi irin na firgici da rikici waɗanda aka saba kiran faɗuwar kasuwa da su, don kada a tsorata jama'a. Kalmar sanyaya zuciya ce, amma wahalar ta daɗe har ta ɓata ta, ta koma sunan bala'in kansa. Daga ƙasa kuma wani ƙamus dabam ya tsiro. Unguwannin bukkokin kwali da langalanga da marasa gida suka kafa a gefen birane aka kira su Hooverville. Ɗalibin Nijar ya san wannan ɗafi na ƙarshe sarai, domin shi ne a Brazzaville, inda aka liƙa shi ga sunan mutum don a girmama shi. A nan an juya aikinsa: ƙirar karramawa aka ɗauka aka yi zambo da ita. Ana danganta kalmar da wani jami'in farfagandar jam'iyyar adawa, kuma wannan ma abin koyarwa ne, domin ɗan siyasa yana iya jefa kalma, amma ba ya iya tilasta wa mutane su ɗauke ta. Sun ɗauka, suka kuma haifa mata ƙanne. Tsohuwar jaridar da mutum ke lulluɓa da ita a bencin lambu ta zama bargon Hoover. Aljihun da aka zazzago waje, ba ko kwabo, ya zama tutar Hoover. Kwalin da ake cusawa cikin takalmin da ya huje ya zama fatar Hoover, motar da ba kuɗin mai aka ɗaura wa doki ta zama keken Hoover. A Kanada irin wannan mota sunan firaministansu Bennett ta ɗauka.

Wanda ya ba ɗalibai waɗannan kalmomi biyar ya ce su warware su, ya koya musu inda mutane suka kwana, da abin da suka taka, da wanda suka ɗora wa laifi, ya kuma bayyana musu faɗuwar Hoover a zaɓen 1932 fiye da yadda shafi guda na bayani zai yi. Unguwar kwalin birnin Siyatil ta rayu shekara goma, daga 1931 zuwa 1941, har da magajin garinta. Ba a manta irin wannan bayan jarrabawa.

Shaidar ba ta tsaya ga ƙirar kalma ba, ta shiga har ginin jimla. A ƙauyen Marienthal da ke kusa da Biyana a Ostiriya, masaƙar da kusan kowa ke ci daga gare ta ta rufe a 1930, aka wayi gari kashi uku cikin huɗu na gidaje ba mai aiki. Marie Jahoda da Paul Lazarsfeld da Hans Zeisel da abokan aikinsu suka bi rayuwar ƙauyen, suka fitar da littafinsu a 1933. Sun laɓe sun auna saurin tafiyar mutane a titi, suka ga maza na jan ƙafa suna tsaye-tsaye, mata kuwa na sauri domin aikin gida bai ragu ba. Sun ga aron littafi a ɗakin karatu ya faɗi ƙwarai, alhali an soke kuɗin aro kuma lokaci ya yalwata. Karnuka da kyanwoyi sun riƙa ɓacewa, masu su kuma suka daina kai ƙara, don kowa ya san tukunyar da suka shiga. Abin da ya fi dacewa da ajin nahawu shi ne rubutun yara. Da aka ce su rubuta abin da suke so a ba su a Kirsimeti, da yawansu sai suka yi amfani da sigar sharaɗin abin da ba zai auku ba, irin wadda Hausa ke ginawa da «da» biyu: da kaza ya kasance, da an samu kaza. Yaro ɗan shekara goma ya riga ya daina buri kai tsaye, kuma sigar aikatau ce ta tona hakan.

Har nan labarin na wasu ne, kuma darasin lise a nan yake barinsa, kamar guguwar ta tsaya a bakin tekun Bahar Rum. Ba ta tsaya ba. Dokar kuɗi ta Faransa ta 1900 ta ɗora wa kowace ƙasar mulkin mallaka ɗaukar nauyin kanta, kuma a Nijar, da ba ta da tashar jirgin ruwa ko wani babban abin fitarwa, nauyin ya sauka kan harajin kai da jangali. Harajin ya ninka sau da yawa tsakanin ƙarshen yaƙin duniya na farko da 1930, kuma da tsabar kuɗi ake biyansa. Manomi ba ya shuka tamma a gona. Dole ya sayar da wani abu: gero, akuya, fata, gyaɗa, ko ƙarfinsa a ƙasar Ingilishi. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929 da Nguru a 1930, ya jawo kudancin Nijar, daga Maraɗi da Tasawa zuwa Magariya da Matamai, cikin kasuwar gyaɗa daidai lokacin da kasuwar ke shirin faɗuwa. A farkon shekarun 1930 farashin gyaɗa a Kano ya sauka ƙasa da rabin yadda yake kafin karayar. A watan Satumba na 1931 Ingila ta raba fam da zinariya, darajarsa ta zube da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, don haka sulen da ɗan ci-rani ya tara a Nijeriya ko a ƙasar da ake kira Gana yau ya ragu a hannunsa kafin ya juya shi ya zama tammar haraji. Kuɗin kaya ya faɗi, haraji ya tsaya inda yake. Wannan tazarar ita ce hanyar da karayar Niyu Yok ta bi ta shiga rumbun manomi.

A yammacin ƙasar abin ya gamu da fara da ƙarancin ruwa. Amfanin 1930 ya lalace, aka shiga 1931 da yunwa a yankunan Yamai, Doso, Tilaberi da Filinge. Mahukunta ƙarƙashin gwamna Louis Blacher suka ci gaba da karɓar haraji, rahotanninsu na jingina abin ga lalaci da rashin tanadin mutane. Dubbai suka mutu, wasu dubbai suka tsallaka iyaka. A daidai waɗannan watanni, daga Mayu zuwa Nuwamba, miliyoyin mutane na yawon kallon baje kolin mulkin mallaka a Vincennes, gefen birnin Paris. Bayan bincike ne aka tilasta kafa rumbunan tsimi a ƙauyuka, waɗanda su ma suka zama wani sabon abin kuka. A shekara mai bi, 1932, tsuke bakin aljihu na cikin dalilan da suka sa aka rushe ƙasar Bolta ta Sama, Burkina Faso ta yau, aka raba ta uku, aka haɗa Dori da Fada Ngurma da Nijar har zuwa 1947. Taswirar ƙasa da kanta ta motsa saboda karayar arziki, amma ɗalibi na iya samun cikakken maki a kan 1929 bai taɓa jin haka ba. Kuma ba don an rasa masu rubutu ba: Finn Fuglestad ya yi nazarin yunwar 1931, André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, ya yi, Boureima Alpha Gado kuma ya rubuta tarihin yunwoyin Sahel a 1993.

Sai dai a yi hattara. Kasuwar Niyu Yok ba ta aiko fara ba, kuma malamin da ya ce ita ta haddasa yunwar 1931 ya sauƙaƙa abin har ya ɓata shi. Abin da karayar ta yi shi ne toshe ƙofofin da mutum kan bi ya tsira a muguwar shekara, ta kuma sa mai mulki ya ƙi sassauci don asusunsa ya bushe. Bambancin nan tsakanin musabbabi da abin da ya tsananta shi, ɗalibi ya fi gane shi in an sa sunan shekarar a gabansa.

Mutanen wannan yanki ba su ƙidaya shekarun wahala da lamba, suna suke raɗa musu. Yunwar 1913 zuwa 1914 Hausawa sun kira ta Kakalaba. Ta 1927 a arewacin Nijeriya Ƴar Buhu ce. Zabarmawa sun kira ta 1931 Doo-jiire, shekarar fara, ta farkon shekarun 1950 kuma Gaari-jiire, don garin rogon kudu da aka rayu da shi. Ta 1984 a ƙasar Maraɗi El Buhari aka ce mata, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya da canjin naira da gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi a watan Afrilu na shekarar. Ko a nan akwai aikin aji guda. «Yunwa» tamata ce a nahawun Hausa, shi ya sa ake mata laƙabi da «ƴar», wadda karin harshen yamma ke maida ita «el», kamar a sunayen ƙauyuka da yawa na Katsina da Gobir. An mayar da yunwa mace mai uba, aka kuma faɗi uban. Wannan dabara ce guda da ta Hooverville: mutanen da ba su da jarida ba su da majalisa sun shigar da ƙararsu cikin suna, inda ba mai iya goge ta. Wasu sunayen na nuna abin da aka ci, wasu abin da ya cinye gona, wasu wanda ake zargi. Rarraba su gida-gida bisa ma'ana, a Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci, aiki ne da ya isa kundin ƙare karatu, kuma kowane gari na da nasa sunayen da ba su shiga littafi ba.

Suna kuma yana ɓoyewa kamar yadda yake tonawa. «Shekarar fara» ta ɗora komai bisa ƙwaro, ba ta ambaci kumandan ba, ba ta ambaci sarkin da ya tara haraji ko gardin da ya kora awaki ba. Ko don fara ita ce abin da ido ya gani ta rufe rana, ko don a 1931 ba a iya raɗa wa yunwa sunan gwamna a kwana lafiya, wannan tambaya ce da ta cancanci muhawarar awa guda. A 1984 an iya kiran sunan shugaba, amma shugaban wata ƙasa ne. Haka lamirin nan na «a», wanda ba ya bayyana mai aikatawa. In dattijo ya ce aka zo aka kwashe dabbobi, aka ɗaure mai gari a rana, nahawu ya ba shi mafaka, ya faɗi abin da ya faru bai kama sunan kowa ba, mai yiwuwa don jikokin wanda ya yi aikin suna zaune a ƙofar gaba. Masanin tarihi na iya fassara jimlar zuwa faransanci ya wuce. Ɗalibin harshe shi zai tsaya ya ga cewa an zaɓi sigar ne, ya nemi dalilin zaɓen.

Kalmomin kuɗi ma haka. «Lanho» aro ne daga faransanci wanda ya shigo tare da harafin tanbihinsa a manne, kamar «lakwal», sautin leɓɓa na tsakiyarsa kuma ya bi ƙa'idar karin yamma ya koma «h». Zamansa kusa da «haraji» da «jangali», waɗanda suka girme shi, na nuna cewa masu biya sun ɗauke shi wani abu dabam da abin da aka saba kai wa sarki. «Kuɗi» kanta jam'in «wuri» ce, tana tuna zamanin da Bature ya ƙi karɓar wuri ya ce sai tamma. In takardar kumandan ta ce haraji tamma bakwai ne, wato dala da tamma biyu, lambar ba ta da nauyi a kunnen ɗalibin da ke sayen kati na jika guda. Tana samun nauyi ne in an auna ta da mudun gero na shekarar, a gida mai kai goma, a watan da aka koma cin anza da ƙarangiya da tonon gidan tururuwa. Barema, falle, jinginar gona, ci-rani: kowace kalma cikin waɗannan mataki ce a tsanin da gida ke sauka a kai in arziki ya karye, kuma jeranta su bisa yadda ake bin su darasin tattalin arziki ne cikakke.

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa maganar baka na ruɗarwa, tsoho na haɗa yunwa biyu ya maida su ɗaya, mai ba da labari na faɗin abin da mai tambaya ke son ji. Amurkar shekarun 1930 ita ta fi kowa ba da misalin haka. A 1935 gwamnatin Roosevelt ta ɗauki marubuta marasa aiki ta tura su tattara labarin rayuwar talakawa, cikinsu har da tsofaffi fiye da 2300 da aka haifa cikin bauta. Taska ce da babu irinta, amma mafi yawan masu tambayar a jihohin kudu fararen fata ne. A birnin Charleston an yi hira da wata tsohuwa sau biyu, sau ɗaya da farar mace, sau ɗaya da baƙin namiji. A hira ta farko bauta ta fito da sauƙi-sauƙi, a ta biyu bulala da raba uwa da ɗa suka fito. Ga kuma matsalar rubutu: masu ɗauka da yawa sun riƙa karkata haruffa don maganar baƙar fata ta yi kama da ta jahili, har a kalmomin da kowa ke furtawa haka, abin da mawaƙi Sterling Brown, ɗaya daga cikin editocin shirin, ya yi gargaɗi a kai. To amma wannan duk hujja ce ta a kira masu ilimin walwalar harshe. Tasirin mai tambaya bisa mai amsa, da yadda ake rubuta karin harshe ba tare da wulaƙanta mai shi ba, su ne abin da ake koyarwa a shekara ta biyu. Rahoton kumandan ma ba tsarkakakke ba ne, mutum ne ya rubuta shi don ya kare kujerarsa. Kowanne ana karanta shi ne da ɗan'uwansa a gefe.

Babban shinge a ƙasar Hausa shi ne kunya. Wadatar gida «rufin asiri» ake kiranta, don haka faɗin cewa gidanku ya rasa abinci tonon asirin iyaye ne, ko da shekara casa'in ta wuce. Ba Hausawa kaɗai ba. A Amurka akwai mazan da suka riƙa yin shiga da safe suna fita kamar masu zuwa aiki don maƙwabta, akwai kuma tarin wasiƙun da aka aika wa Eleanor Roosevelt ana roƙon tsofaffin tufafi, da yawa na haɗawa da roƙon kada a bayyana sunan mai wasiƙar. Ɗalibin da ya shiga gida da na'urar ɗaukar murya ya ce a ba shi labarin yunwa, labarin yunwar maƙwabta za a ba shi. Ya sani cewa «wani mutum a garin nan» sau da yawa mahaifin mai maganar ne, ya kuma sani cewa ba aikinsa ba ne ya tilasta a faɗa. Akwai abin da mace kaɗai za a gaya wa, a ɗaki, bayan an saba. Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo daga 1949 zuwa 1950 kafin ta samu abin da ta samu, kuma littafin da ya fito a 1954 da turanci ya fito, alhali da Hausa tsohuwar ta yi magana.

Wata hanya da ke yaɗuwa a azuzuwa da sunan kusantar da ɗalibi ga talaka ita ce a ce masa ya ɗauka shi ne manomin Oklahoma da ƙura ta kora, ya rubuta wasiƙa. Niyyar mai kyau ce, amfanin kaɗan ne. Wanda bai karanta wasiƙar gaske ko ɗaya ba, abin da zai zuba shi ne hawaye da kalmomin tausayi da ya ji a fim, alhali masu wasiƙun gaske sun fi maganar lambar takalmi, da kuɗin haya, da ranar da za a yanke wuta. Hoto ma na da irin wannan tarko. Hoton uwa da ƴaƴanta da Dorothea Lange ta ɗauka a Nipomo ta Kalifoniya a 1936 yana cikin littattafan makaranta na duniya, amma mai hoton ba ta rubuta sunan matar ba. Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka san ita ce Florence Owens Thompson, ƴar asalin ƙabilar Cherokee, wadda ta koka cewa hoton bai amfane ta da komai ba. Shekara arba'in ana kallon fuskarta ba a ji muryarta ba. Littafin Studs Terkel na 1970, wanda ya tara hirarrakin waɗanda suka ga zamanin, ya fi dacewa da aji, domin a cikinsa mutane na saɓa wa juna, har da waɗanda suka yi arziki cikin wahalar wasu.

Malamin lise zai ce manhaja ta cika, awoyi kaɗan ne, jarrabawa kuma ba ta tambayar sunan yunwa. Gaskiya ne, kuma ba a nemi ya rushe darasinsa ba. Awa guda ta isa: shafi ɗaya na rahoton 1931, shafi ɗaya na maganar dattijuwa cikin harshenta da fassara a gefe, da tambaya ɗaya a kan abin da kowanne ya faɗa da abin da ya tsallake. Matsalar ita ce shafi na biyun ba ya hannunsa. Rahotannin suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai da kuma Aix-en-Provence a Faransa. Muryoyin da aka ɗauka tun zamanin Boubou Hama da Diouldé Laya suna IRSH da CELHTO, kuma Jean-Pierre Olivier de Sardan ya nuna tun 1976 yadda labaran manoman yamma ke zama littafi. Abin da ya rage shi ne a saurara, a rubuta, a zaɓo, a fassara, a buga ƙaramin kundi da malami zai iya ɗauka ya shiga aji. Wannan aikin sassan kimiyyar harshe ne, tare da sassan tarihi, ba aikin ma'aikata ba.

Lokaci kuma ya ƙure. Wanda ke da shekara goma a 1931 ya haura ɗari yau. Shaidar ido ta tafi, saura ta kunne, wato ƴaƴan da suka ji daga iyayensu, su ma suna tsakanin saba'in da casa'in. In kowane ɗalibin shekarar ƙarshe ta lisansi ya ɗauko hira guda a hutun damina, da yardar mai magana, cikin karin harshensa ba tare da an gyara masa zuwa Kananci ba, aka sa wa sababbin kalmomi karin sauti da tsawon wasali, aka rubuta wanda ya yi tambayar da dangantakarsa da mai amsa da waɗanda ke zaune a wurin, to cikin shekara biyar za a tara abin da ya isa bugawa. Masu jin tsoron nisan 1931 na iya wasa wuƙarsu da abin da ke kusa: waɗanda suka ga El Buhari suna nan da ƙarfinsu, haka waɗanda suka kwana da sefa ranar 11 ga Janairu 1994 suka tashi ta zama rabi. Tambayar farko kuwa kada ta kasance a kan karayar arziki ko a kan wata lamba. A tambayi tsohuwa shekarar da aka haifi mahaifinta ko aka aurar da uwarta, a bar ta ta kawo sunan shekarar da kanta, sa'an nan a tambaye ta wa ya raɗa shi.